Sa Hannun da Ba Na Fibi Ba

Ranar Laraba da hantsi, tsakar gidan su Micah a Malumfashi cike take da masara da mata. Kakar bana ta yi kyau, kuma 'yan Zumuntar Mata na cocinsu sun zo taya mahaifiyarsa ɓarar masara, kamar yadda suke zagaya gidajen juna kowace shekara. Tsohuwa ake kiran mahaifiyar tun tana yarinya, yanzu kuwa sunan ya cim mata. Kunnenta ya yi nauyi, amma bakinta ko kaɗan bai tsufa ba.

"Ku dubi albarka," in ji ta tana ɗaga wata zangarniyar masara. "A gidan nan dai gona na haihuwa. Gona kawai."

Mata suka yi kamar ba su ji ba. Fibi, matar Micah, tana madafa tana tuƙa musu tuwo, kuma ta ji sarai. Shekara takwas ke nan tana haɗiye irin wannan magana tun da aka kawo ta daga Tsiga, har ta iya haɗiyewa ba tare da ruwa ba.

Akwai abin da Tsohuwa ba ta sani ba. Bara Micah da Fibi sun je wani asibitin kuɗi a Kaduna, suka ce wa gida ciwon mara za a duba. Likita ya gwada su duka biyu, ya ce Fibi lafiyarta ƙalau, matsalar daga Micah take. A hanyar dawowa, a tashar Funtua, wannan ƙaton manomi ya kifa kai a gwiwa yana kuka. Fibi ta riƙe hannunsa ta ce, "Daga ni sai kai sai Allah. Ko Mama ba za ta ji daga bakina ba." Daga baya asibitin ya haɗa ƙwanta da irinsa a ɗakin gwaji, aka samu 'yan tayi biyar. An dasa mata biyu, ba su zauna ba. Sauran ukun aka daskarar, aka adana, har ranar da za su koma. Fibi ba ta taɓa yin addu'ar safe ba tare da ta ambaci "yaranmu na Kaduna" ba.

Wayarta da ke kan tabarma ta yi ƙara. Tsohuwa ta ɗauka, kuma Tsohuwa ba ta amsa waya sai ta danna sifika, ko ta wace ce.

"Salamu alaikum. Barista Amatullahi ce, lauyar asibiti, daga Kaduna. Da Madam Fibi nake magana?"

"I, i, gidan ne. Ɗaga murya."

"Fom ɗinku ya iso, wanda ke da maigidanki kuka sa hannu cewa kun ba da 'yan tayinku uku don binciken likitoci. Ranar Juma'a za a miƙa su. Ƙa'idarmu ce mu ji daga bakin uwa tukuna, don sa hannun bai yi kama da naki na bara ba. Kin fahimci cewa idan aka ciri ƙwayoyin halittar da ake bincike a kansu, ɗan tayin ba zai ƙara rayuwa ba?"

Hannuwa suka tsaya cak a kan masara. Fibi ta fito da muciya a hannu, ta karɓi wayar.

"Ni ce Fibi. Ban sa hannu a komai ba."

Da alama lauyar ta gane ta yi magana a kunnen jama'a. Ta ba da haƙuri, sannan ta ce a taƙaice: ba za a taɓa su ba sai da yardar uwa da uba, kuma sa hannu da sunan wani laifi ne da ke kai mutum kotu. Amma wa'adin ajiya ya ƙare. In ana son a dasa su, sai su zo tare kafin Juma'a, maigidan ya janye takardarsa, ya sake sa hannu a gabanta. Sa hannun Fibi kaɗai ba zai isa ba.

Victoria, ƙanwar Micah, wadda ke karatun jinya a Funtua ta zo hutu, ta saki kwanon da ke hannunta ta fashe da kuka.

"Anti, ni ce. Yaya Micah ya ce takardar sallama ce kawai, ya ce kar a tayar miki da hankali. Na karanta, Anti. Na gane ko mece ce, amma na sa."

Tsohuwa ba ta kama rabin maganar ba, amma rabin da ta kama ya ishe ta. Ta miƙe tana gyara ɗaurin zani.

"'Ya'yan kwalba? A gidana? Ashe ciwon marar ke nan. Mahaifarki ta ƙi, shi ne kika ja min ɗa asibiti a ƙera miki yara kamar tukwane, ga shi kin jawo mana lauya a gaban matan coci. Gobe ki tattara ki koma Tsiga. Babu mai zuwa Kaduna."

Fibi ta buɗe baki. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta a gaban duk matan nan. Ta tuna tashar Funtua, ta rufe bakin, ta shige ɗaki.

Micah ya dawo daga gona a kan babur wajen la'asar, ya tarar mata ba su watse ba. Masara ta ƙare tuntuni, amma wa zai tafi ya bar wannan? Daga yadda kowa ya sunkuyar da kai ya gane. Ya shiga ɗaki ya sami Fibi zaune a bakin gado, akwatinta a buɗe, babu komai a ciki.

"Fibi, don ke na yi. Na ga yadda kika yi da waɗancan biyun suka zube. Ba zan iya sake ganin haka ba. Kuma sun ce binciken zai iya taimakon masu ciwon suga da shanyewar jiki."

"In da mun zauna mun yanke haka tare, da wata magana ce. Akwai masu bayarwa da zuciya ɗaya, ban zarge su ba. Kai ba bayarwa ka yi ba, Micah. Dube ni ka faɗi gaskiya."

Ya kasa dubanta.

"Na ji tsoro," ya ce a hankali. "In mun koma Kaduna, za a fara tambaya. In an fara tambaya, za a gane ni ne. Na so a share komai, kamar ba a yi ba."

"Shekara takwas ana kirana juya, na ɗauka saboda ina sonka. Ban taɓa ganin ka ragu a idona ba, ko na kwana ɗaya. Amma yaran nan ba asirinka ba ne kai kaɗai, nawa ne su ma. Ba zan tona ka ba, na yi alkawari. Sai dai in Juma'a ta wuce ba mu je Kaduna ba, ba sai Mama ta kore ni ba."

Micah ya daɗe a tsaye. Mutumin da ke ɗaga buhun masara shi kaɗai, labulen ƙofa ya gagare shi ɗagawa. Daga ƙarshe ya ɗaga, ya fita, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa a kan totuwar masara.

"Mama, matsalar haihuwa ba daga Fibi take ba. Daga ni ne."

"Mi ka ce?"

Wayyo kunnen Tsohuwa. Dole ya sake faɗa da ƙarfi, yadda har makwabta suka ji ta bayan katanga.

"Ni ne ba na haihuwa, Mama! Likita ya faɗa tun bara. Fibi ta rufa min asiri, na bar ki kina zaginta. Yaran nan uku jinina ne, jikokinki ne, kuma ni na sa aka saci sa hannunta don a ba da su."

Tsohuwa ta zauna daɓas.  Matan Zumunta suka fara neman takalmansu ɗaya bayan ɗaya, kowace tana tuna nata habaicin da ta taɓa yi wa Fibi a wajen suna ko biki. Babu wadda ta iya yin sallama da ƙarfi.

Ranar Alhamis da safe Micah da Fibi da Victoria suka hau motar Kaduna. A gaban Barista Amatullahi Micah ya rubuta abin da ya aikata da hannunsa, Victoria ta sa hannu a ƙasa tana sharar hawaye. Lauyar ta tambayi Fibi ko tana son a kai maganar gaba. Fibi ta ce a'a, a ba ta alƙalami kawai. Ta rubuta sunanta a sabon fom a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai shuka a layi.

Aka dasa mata ukun, ɗaya ce ta zauna. Da damina ta zagayo aka haifi mace, aka sa mata Atu. Mutane sun yi ta tsegumi wata biyu, suka gaji, suka koma zancen tsadar taki. Wannan ne duk abin da Micah ya kusa salwantar da 'ya'yansa don gudunsa. Kunyar da mutum ke ɓoyewa ta hanyar cutar da wanda ke sonsa ta fi wadda yake gudu nauyi, kuma abin da yake na miji da mata ba a yanke shi da hannu ɗaya. Fibi ta yi haƙuri, Allah kuwa bai bar haƙurin ya tafi a banza ba.

Tsohuwa ba ta taɓa iya cewa "ki yafe ni" ba, bakinta bai saba ba. Amma kwana arba'in cif ita ta hura wutar ruwan wankan jego, ta hana kowa taɓawa. A rana ta ƙarshe tana fyaɗa wa Fibi ruwan zafi a baya da ganye, ta yi magana can ƙasa-ƙasa, ita da ba ta iya magana a hankali ba.

"Shekara takwas ina zaginki, ɗiyata. Da kika sani, mi ya hana ki faɗa min?"

Fibi ta kai bakinta daidai kunnen tsohuwar.

"Ɗanki ne, Mama. Ke ma da kin rufa masa."