Mai Hoton Biki a Lambun Birni

A wani birni can, an yi wani mai ɗaukar hoton biki. Mahaifiyarsa tana kwance ba lafiya, ta ce, "Ɗan nan, ɗauko mini hoton tsuntsayen lambun birni, na yi kewarsu."

Ya je ya daka wa aku tsawa, "A matso! A gyara tsayuwa!" Aku ta tashi. Ya ce wa hawainiya, "Hajiya, a tsaya a kala ɗaya!" Ta ɓace.

Ya gaji, ya zauna gindin tsamiya, ya yi shiru. Can sai ga tsuntsaye sun kewaye shi, aku a kafaɗarsa. Sai wani biri ya ɗauki kyamararsa, ya ce, "Malam, a gyara hula." Ya ɗauke shi hoto.

Da tsohuwa ta ga hoton, dariya ce ta tayar da ita zaune.