Ranar da Hanya Ta Riƙe Ƙafa

A zamanin Turawa, wata yarinya tana zaune da mahaifiyarta Tabawa a wani ƙauye tsakanin Jega da Maiyama. Baƙar hanyar mota ta ratsa ta bayan gidansu. Idan hanyar ta tsattsage, leburori kan zo su dafa kwalta a ganguna, su yayyafa, su watsa tsakuwa a kai.

Tabawa ta sha ja mata kunne kada ta kusanci wurin, balle da tsakar rana, lokacin da ake cewa mutanen ɓoye na yawo.

Wata rana tulun Tabawa ya tsage a hannun yarinyar. Tsoro ya kama ta. Sai ta ce a ranta, abin da ke toshe tsagar hanya ai zai toshe ta tulu. Ta ɗauki sakaina, ta sulale.

Rana ta take. Leburori sun tafi inuwa. Ko kukan tsuntsu babu. Hanyar tana ƙyalli kamar bakin rijiya, can nesa kuma wani ruwa yana rawa, alhali ba ruwa a wurin.

Ta taka inda kwaltar ta taru. Ta duƙa ta ɗiba. Da ta zo juyawa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ta ja, ɗayar ma ta nutse. Ga ɗumi yana hawa, kamar wani ya kama ta daga ƙarƙashin ƙasa.

Sai ƙasa ta fara rawa. Daga cikin ruwan nan wani baƙin abu ya fito, yana hayaƙi, yana nufo ta a hankali.

Ba ta ankara ba ta ji an cafe ta ta baya. Audu ne, shugaban leburori. Ya ɗaga hannu, abin ya tsaya. Ashe injin danne tsakuwa ne.

"Ke ɗiyar wa? Mi ya kawo ki nan?" in ji shi.

Ta gaya masa tana kuka. Ya zuba yashi, ya zaro ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ya kai ta gida. Ya shaida wa Tabawa cewa da hayaƙi ya rufe wa direba ido, da labarin ya canza. Kuma ko da an liƙe tulun da kwalta, ruwansa ba zai shawu ba.

Tabawa ta zauna tana goge ƙafafun da man gyaɗa.

"Inna, tulunki fa?"

"Tulu ana gina wani ran kasuwa, ɗiyata. Ke kuwa ina zan samo ki?"

Yarinyar ta rungume ta. Har suka yi dariyar baƙaƙen yatsunta.

Yara, in kun yi ɓarna ku faɗa a gida. Kuma don Allah ku nisanci hanyar da ake gyara, ko da ba kowa a kanta.