Matoshin Motar Sulke

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, babanta makanikin sojoji ne. Wata Asabar ya kai ta garejinsu, ya nuna mata motar sulke mai tafiya a ƙasa da cikin ruwa.

"Baba, wannan uban ƙarfen ba ya nitsewa?"

"Cikinta irin na kwalekwale ne," in ji shi. "Sarƙa ke jan ta a ƙasa, farfela biyu ke tura ta a ruwa. Soja takwas take ɗauka, ta ƙofar baya suke fita."

Ya tsuguna ya nuna mata wani ɗan rami a ƙarƙashin motar. "Ta nan ake zubar da ruwan da ya shiga. Kafin a faɗa kogi, sai direba ya taɓa matoshin nan da hannunsa."

Da aka sa gasar ƙere-ƙere a makaranta, yarinyar ta ƙera irin motar da gwangwani. Ta yanko matoshi daga tsohon silifa. Ta gwada ta a baho, ta yi iyo sarai. Ta cire matoshin, ta tsiyaye ruwan, ta kai motar kabad ɗin aji.

Yarinyar nan kuwa akwai zargi. Lokacin hutun tara ta hango ƙawarta tana buɗe kabad ɗin. Ita ma ƙawar tana cikin gasar. Me ya kai ta can? Me ya sa ta yi murmushi? Tun daga nan ta daina yi mata magana, sai harara.

Ranar gasar aka kawo baho, kowa ya kewaye. Yarinyar ta sa motarta. Motar ta yi ɓulɓul, ta nitse.

"Malama, ita ce ta sace min matoshi. Na gan ta a kabad," in ji yarinyar, tana nuna ƙawarta.

"Alli Malama ta aike ni," in ji ƙawar.

"Kin ga matoshin a hannunta?" Malama ta tambaya.

"A'a, amma na sani."

Kuka ya zo wa yarinyar. Ta zaro hankici daga aljihu, sai ga matoshin ya faɗo ƙasa. Kunya ta kama ta kamar ta nitse ita ma.

"Ki yafe min," ta ce wa ƙawarta. "Ni na manta da shi."

Ƙawar ta ɗauki matoshin ta miƙa mata. Tare suka goge motar. Malama ta yarda a sake gwadawa, motar ta haye bahon lafiya lau.

A gida Baba ya saurari labarin duka. "Kin taɓa matoshin da hannu kafin ki sa ta a ruwa?"

"A'a, Baba."

"To, kin ji abin da ake cewa zato zunubi. Kafin ki zargi wani, fara duba aljihunki."

Washegari ta riga kowa zuwa aji, ta share wa ƙawarta benci.