Ƙauna Mai Ƙugiya

Ranar da ta fara ganinsa, tebur yake duka da tafin hannu. Sabo ne a ofishinsu na masu rubuta manhaja, kuma tun safe aikinsa ke faɗuwa. Ta zagayo ta leƙa baƙin allon da yake buga umarni a kai.

"Rumbun bayanai bai gama tashi ba kake ƙwanƙwasa masa ƙofa," ta ce. "Ka sa manhajarka ta jira mana."

Ta jawo kibod ɗin ta rubuta layi ɗaya, ta kira wata 'yar manhaja da ta ƙera da kanta mai suna jira. Aikinta ɗaya ne: duk daƙiƙa biyar ta leƙa, har sai abin da ake jira ya bayyana, fayil ne ko wata na'ura, sannan ta ba da hanya.

"Amma kullum ka yanka mata wa'adi. Kar ka bar ta tana jira har abada."

Daga ranar ta raɗa masa Mai Gaggawa. Shi kuma ya sa mata 'Yar Ƙugiya, don ba ta iya ganin ƙ ko ɗ babu lanƙwasa ta haɗiye. A wurin Abbanta ta gada, tsohon malamin makaranta. Saƙonninsu ma haka suke.

"Yar kugiya ta, kin ci abinci? Tun dazu nake kallon kujerarki."

"Ɗazu, ba dazu ba. Na ci. Kai fa, rigimamme?"

Da maganar soyayyarsu ta isa gida, Abba ya ƙi. Saurayin mai aikin kwantiragi ne, yau nan gobe can, ga kuma ɗan amininsa mai kantin magani da ke zarya duk ƙarshen mako. Ya ce ba waya, ba saƙo, sai ya yi tunani. Ta yi masa alkawari, zuciyarta na ƙuna.

A makon nan aka mayar da Mai Gaggawa reshen kamfanin a wani gari. Suka yi sallama a bakin matakala.

"Ba zan sa ki saɓa wa Abba ba," ya ce a hankali. "Na kunna jira a kan sabar ofis, babbar kwamfutar nan da ba a kashewa. Ranar da ya yarda, ki ajiye fayil a foldarmu, ki sa masa suna ƙauna. Wayata za ta yi ƙara ko ina nake."

Wata biyu tana lallashin Abba, har ya sauko. "In da gaske yake, ya turo manyansa kafin ƙarshen wata. In bai turo ba, ba na son in sake jin sunansa a gidan nan."

Washegari ta ajiye fayil ɗin. Ta jira kira. Shiru.

Kwana uku, kwana goma. Yayarta ta ce kar ta kuskura ta kira shi, ya gani sarai, ta riƙe ajinta. Mai kantin magani ya ƙara yawan zuwa. Ita kuwa ta rame, tana jin kunyar haɗa ido da Abba, wanda ta yi wa rantsuwa cewa mutumin nan ba ya yaudara.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, da tsakar rana kowa ya fita cin abinci, ta shiga sabar don ta goge fayil ɗin ta huta. Sai ta ga jira na nan tana aiki. Ta buɗe bayanan da take ajiyewa.

ina jiran kauna: babu
ina jiran kauna: babu

Layi bayan layi, duk daƙiƙa biyar, tun ranar da suka rabu. Kauna, da k marar ƙugiya. Nata fayil ɗin kuwa na gefe da ƙugiyarsa tsaf, na'ura kuma ba ta san abu ɗaya suke nufi ba. Ta duba gurbin wa'adi. Bai sa komai ba.

Ta kifa kai a tebur ta yi kuka sosai. Sannan, karon farko a rayuwarta, ta rubuta kalma ba daidai ba da gangan: ta mayar da sunan fayil ɗin kauna.

Minti ɗaya bai cika ba wayarta ta ɗauki ƙara.

"Abba ya yarda?" ya tambaya.

"Tun kwana ashirin da shida, Mai Gaggawa. Ba na ce ka riƙa yanka wa'adi ba?"

"Shi kaɗai ne umarninki da na ƙi bi, 'Yar Ƙugiyata."

Kawunansa suka iso washegari kafin azahar.

Da aka kawo katin ɗaurin aure, Abba ya sa tabarau ya karanta, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya zaunar da su lafiya. Sai idonsa ya tsaya a kan wata kalma marar ƙugiya a ƙasan katin, ya laluba aljihu yana neman biro.

Ta riƙe hannunsa. "Bar ta, Abba. Wannan haka take daidai."