Ƙarfe Huɗu da Kwata

Ranar da Mutawakil ya fara shiga asibitin Dakta Wadia da ke unguwar Maamobi, hular kwano na hannunsa, baƙin man mota a faratansa, ya tsaya gaban teburin karɓar baƙi kamar wanda ya zo sayen abin da aka haramta.

Sharifa ta ɗago kai. Shekararta biyu a wannan teburi, ita ke tsara wa marasa lafiya lokacin ganin likita, kuma ta sha faɗa da mutanen zango, unguwar Hausawa, a kan haka. Su dai a ganinsu, mutum ya zo ya zauna a benci tun safe, duk wanda ya riga ya shiga. Ita kuwa ta kafe, sai an ɗauki lokaci, ta waya ko a baki. Ita ce ma ta fito da dabarar aika saƙon tunatarwa da Hausa.

"Sista, ina son lokaci," in ji shi. "Amma ba nawa ba ne."

"Sunan mai shi?"

Ya waiga hagu da dama, ya sunkuyo, ya faɗa a hankali. Biro ya tsaya a hannun Sharifa. Malam Kadiri ne, ladanin masallacin layinsu a unguwar Nima, aminin babanta, wanda da muryarsa ta buɗe ido a duniya.

"Jiri yana ɗibarsa a matakala," in ji Mutawakil. "In 'ya'yansa ko kwamitin masallaci suka ji, za su ce ya huta. Shekara talatin da ɗaya yana kiran salla. Ya ce in an karɓe masa, an gama da shi. Na yi masa alkawari ba wanda zai ji."

"Nan ma ba wanda zai ji," ta ce. "Aikina ne. Lambar waya?"

"Sa tawa. Jikokinsa ke karanta masa saƙo."

Ta dube shi ta gefen ido. Samarin Nima sun gwada dabaru iri-iri don lambarsu ta shiga hannunta, amma wannan sabuwa ce. Ta rubuta, ta ba shi Alhamis ƙarfe huɗu da kwata, bayan la'asar, lokacin da bencin ya yi sauƙi kuma za a dawo kafin magariba.

Gwaji ya nuna sukari da hawan jini. Dakta ta ce a riƙa zuwa duk sati biyu har abin ya daidaita. Sai ya zama kowace Alhamis ta biyu Mutawakil zai rufe shagonsa na kayan mota a kasuwar Abossey Okai, ya ɗauko tsohon a bayan babur, ya sauke shi ta ƙofar baya, shi kuma ya zagayo ta gaba ya karɓi kati ya zauna. Zama dai, ai kun san inda idonsa yake.

Ranar Laraba saƙo zai shigo: "Tunatarwa: ganin likita gobe ƙarfe 4:15. A zo da sauran magani da katin inshora."

Wata Laraba ya amsa: "An ji, Madam Lokaci. Ni fa yaushe za a ba ni nawa lokacin?"

Sharifa ta yi awa biyu ba ta amsa ba, don kada ya raina ta. Sannan ta rubuta daga wayarta ta kanta: "Wannan layin ba a ɗaukar lokaci a asibiti. Ana ɗauka wajen Baba."

"Chale," ya rubuta, wato aboki a bakin samarin Nima, "zuciyata ta buga. Ki ce Dakta ta auna ni."

"Ka je ka sha ruwa, Huɗu da Kwata."

Daga nan sunan ya bi shi. Shi ma ya daina zuwa hannu rabbana, yau waakye, shinkafa da wake, a ganye daga wajen matar da ke bakin gada, gobe kunshin goro don mahaifiyarta. Sharifa da ta saba korar samari da kallo ɗaya ta tarar da kanta tana duba agogo tun ƙarfe uku.

Ba a daɗe ba manyansa suka je neman aure wajen Alhaji Sumaila, mahaifinta, ɗan asalin Maraɗi mai sayar da yadi a kasuwar Tudu. Ya karɓe su da fara'a, ya ce a ba shi sati biyu ya bincika.

To, akwai Izzuddeen, mai canjin kuɗi, wanda ya daɗe yana yi wa Sharifa fakin da mota a ƙofar gida ba tare da ta leƙo ba. Wata safiya a wajen mai koko, Mutawakil ya ajiye waya a benci ya je wanke hannu, saƙo ya haska: "Tunatarwa: gobe 4:15. A zo da sakamakon gwajin jini. Kada a daina shan magani." Izzuddeen ya karanta, ya ɗauki hoto. Kafin azahar hoton ya isa shagon Alhaji a Tudu, da ƙarin bayani cewa wata huɗu ke nan ana ganin yaron a bencin asibiti.

Alhaji ya kira Mutawakil da Sharifa a falo.

"Wannan saƙon a wayarka ya shigo?"

"E, Baba. Amma ba nawa ba ne. In ana so, gobe a ɗebi jinina a auna."

"Ni ba jini nake tambaya ba. Ciwo ba abin kunya ba ne, kowa da nasa. Ɓoyo ne ba na so. Ka ce ba naka ba ne, to na wane ne?"

Mutawakil ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya juya. "Ke kika rubuta saƙon. Na wane ne?"

"Baba, ka yafe mini. Ba zan iya faɗa ba. Amanar wurin aiki ce."

"Ni ubanki?"

"Ko kai ne ka zo, Baba, ba zan faɗa wa kowa ba."

Wannan maganar ta ƙona masa rai ƙwarai. Ya ce shi bai haifi 'yar da za ta haɗa baki da saurayi a rufe shi ba tun kafin a kawo sadaki. Ya ce a gaya wa manyan yaron su dakata.

Sharifa ta yi kuka har idonta ya kumbura. Washegari da safe saƙon Mutawakil ya shigo: "Bari in je in roƙi Malam ya sake mu. Kalma ɗaya ce."

Ta daɗe tana kallon wayar. Tana son auren nan kamar ranta, kuma ta san kalma ɗaya ce. Amma ta san tsohon. Ta rubuta: "In muka roƙe shi, zai ji kunya, ba zai sake taka asibitin ba. Sukarinsa yanzu ya fara sauka. Kar ka je."

"To mu fa?"

"Ban sani ba. Yau Alhamis. Ka kawo shi."

Ya kawo shi. Ya karɓi kati a hannunta, ba su iya haɗa ido ba. Haka aka ƙara yin Alhamis biyu, motar Izzuddeen kuwa ta koma fakin a ƙofar gida da sabon wanki.

Alhaji mutum ne da ba ya yanke magana sai ya ji ta bakin amininsa. Wata Asabar bayan la'asar ya tsayar da Malam Kadiri a shirayin masallaci, dattijai uku na kwamiti na zaune suna jan carbi.

"Malam, yaron nan Mutawakil, na so shi. Amma yana da ciwon da yake ɓoyewa, ya kuma ce ba nasa ba ne. Duba." Ya miƙa wayar, ya karanta masa saƙon da ƙarfi.

Malam Kadiri ya dubi matakalar da yake hawa sau biyar a rana, ya dubi 'yan kwamiti.

"Tun yaushe kuka yi wannan magana?"

"Wata guda."

"Wata guda," ya maimaita. "Shekaranjiya ma ya ɗauke ni, bai ce mini komai ba."

Ya sa hannu a aljihun jallabiya, ya fito da kwalin magani biyu, ya ajiye a kan tabarma.

"Alhaji, ƙarfe huɗu da kwata nawa ne. Sukari da hawan jini. Na ji tsoron a raba ni da kiran salla, na ɗora wa yaran nan kaya. Suka ɗauka, har aurensu zai lalace, ba su sauke ba. In kana neman wanda zai riƙe maka 'ya da amana, ga shi nan ka kora."

Alhaji Sumaila ya cire hula ya share goshi. Can ɗaya daga cikin dattijan, Alhaji Abass, ya yi gyaran murya.

"Wane kala kake sha? Ni fari ne, ƙarami." Ya laluba aljihu ya fito da nasa.

Suka yi dariyar da ta zo da ƙwalla. A zaman nan aka yanke cewa za a sauko da makirfo ƙasa kusa da mihrabi, ladan ya daina hawan matakala, muryarsa kuwa ta ci gaba.

Ranar Litinin Sharifa na kan teburinta ta ga mutum tsaye da babbar riga. Babanta ne.

"Sharifatu," ya ce, bai kalle ta sosai ba, "na yi miki ba daidai ba. Na aika wa mutanen Mutawakil su dawo Juma'a." Ya rage murya. "Kuma kwana biyu kaina na sarawa. Yaya ake ɗaukar lokacin nan naku?"

Ta danne murmushi, ta ɗauki biro. "Laraba ƙarfe goma ta yi, Baba?"

"Ta yi. Kada uwarki ta ji."

"Ba za ta ji daga bakina ba."

"Wannan kam na sani," in ji shi.

An ɗaura auren wata Lahadi a wannan masallaci, layi ya cika da kanofi da kujerun roba har bakin titi. Malam Kadiri ne ya yi addu'a, ya roƙa musu zuri'a da lafiya da rufin asiri irin wanda suka yi masa. Izzuddeen ma ya zo, ya ci shinkafa, ya ce amin.

Ana cikin hayaniya wayar ango ta yi ƙara.

"Tunatarwa: yau za a kawo maka amarya ƙarfe 4:15. A zo da haƙuri da son da aka yi alkawari."

Mutawakil ya karanta sau biyu, ya share ido da hannun riga, ya rubuta: "Tun ƙarfe uku za ki same ni a bakin ƙofa, Madam Lokaci."

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa albarka.