Ranar da Ƙafafun Yaya Suka Yi Shiru

Auta yarinya ce mai kai, amma hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ta gani a makaranta, sai ta gwada shi a gida.

Ran nan malamar kimiyya ta shigo aji da 'yar guduma ta roba. Ta zaunar da Auta a kan tebur, ta ɗan buga mata ƙasan gwiwa. Sai ƙafar ta yi tsalle da kanta!

"Wallahi Malama, ba ni na sa ta ba!" in ji Auta. Aji ya kwashe da dariya.

"Na sani," in ji Malama. "Aikin jijiyoyi ne. Su ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kamar wayar lantarki. Babbar hanyarsu ita ce laka, a cikin ƙashin baya. Amma fa a zaune ake yin wannan gwaji."

Wannan magana ta ƙarshe ta bi ta bayan kunnen Auta.

Da ta koma gida, ta tarar da yayanta a kan tsani, yana canza ƙwan fitila. Sanye yake da rigar ƙwallo, yana sauri ya tafi fili.

"Yaya, in nuna maka abin mamaki?"

"Ke dai Auta, riƙe min tsanin nan ki yi shiru."

Ina! Ta saki tsanin, ta zaro rula, ta kai masa duka a bayan gwiwa. Ƙafar ta lanƙwashe. Yaya ya faɗo, bayansa ya daki bakin tebur.

Auta ta jira ya tashi ya bi ta da gudu. Bai tashi ba.

"Umma," ya ce da wata irin murya, "ba na jin ƙafafuna."

Auta ta kama hannunsa za ta ja. Umma ta shigo da gudu, ta daka mata tsawa: "Kar ki motsa shi!" Motar asibiti ce ta zo ta ɗauke shi, kwance a kan katako.

A asibiti likita ya fito da 'yar guduma, irin ta Malama sak. Ya buga ƙasan gwiwar Yaya. Shiru. Ya sake bugawa. Ko gezau.

"Lakar ta bugu, ta kumbura," in ji likita. "Saƙo ba ya wucewa. Ko zai dawo, sai mun jira mu gani."

Baba ya ce tsani ne ya zame. Auta ta yi gum. Abinci ya daina shiga bakinta. Kullum za ta fita sai ta ga takalman ƙwallon Yaya a bakin ƙofa, ƙura na ta taruwa a kansu.

Da abin ya ishe ta, ta durƙusa a gaban gadon Yaya, inda Baba ke zaune, tana kuka. "Baba, ba tsani ba ne. Ni ce na buge shi."

Baba ya juyo ya dube ta. Yaya kuwa ya juya fuskarsa bango. Da ma ya sani.

Tun daga ranar, kullum aka tashi makaranta sai ta zo ta zauna wajen ƙafafunsa. Makonni suka wuce, ba ya kula ta.

Wata safiyar Asabar sai ya ce, "Auta, ɗaga bargon nan. Zan aika saƙo. Ki duba min ko ya isa."

Ta ɗaga, ta zuba ido. Babban yatsan ya ɗan motsa.

"Ya isa, Yaya! Wallahi ya isa!"

Umma ta fashe da kukan murna. Baba ya dafa kan Auta. "Jikin mutum ba abin wasa ba ne," ya ce. "In aka koya miki abu, ki saurara har ƙarshe."

"Na ji, Baba."

Da la'asar ta goge takalman nan tas, ta kawo su ta ajiye a ƙarƙashin gadon Yaya.