Kafaɗar Rauda

Rauda ta durƙusa ta miƙa wa surukarta kwanon tuwo da hannun hagu.

"Da hagu? Ni?" Inna ta ture kwanon. "Badamasi, fito ka ga tarbiyyar matarka."

Badamasi ya fito, taɓon gonar shinkafa bai ko bushe a ƙafarsa ba.

"Wallahi Inna daman ne ya sage," in ji Rauda, hawaye shaɓe-shaɓe. "Tun daga wuya har yatsu, kamar ana tsira mini allura."

"Amma jiya da shi kika daka yaji."

Kan Badamasi ya kulle, domin shi ma ya ga dakan. Ciwo ne da ke zuwa ya tafi, ba kumburi, ba rauni. Ya dai ɗauke ta a mashin sai asibiti a Kano. Likita ya ce jijiyoyi ne suka matse tsakanin wuya da kafaɗa, ta daina ɗora buhun shinkafa shanshera a ka, ta riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi. A sashen gashin ƙashi kuma, wato fisiyo, aka koya mata atisaye safe da yamma.

Washegari Inna ta ƙwala kira, "Rauda, zo ki ɗebo ruwa." Rauda ba ta fito ba. Inna ta leƙa, sai ga Rauda tana kai kunne kafaɗa, kamar yaron da ya ƙi aike. Ta maƙe dama, ta maƙe hagu.

"Yau ko ni ko ita a gidan nan."

Badamasi ya ce, "Inna, fisiyo ce fa—"

"Wace ce kuma Fisiyo? Ita ke zuga ta?"

Badamasi ya dubi uwa, ya dubi mata, ya rasa wa zai rarrasa. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa. "Inna, ranar komawa asibiti ki raka mu. Idan ƙarya ne, abin da kika ce shi za a yi."

Can Inna ta tarar da layin mutane, har da dattijo mai furfura, kowa na maƙe kafaɗa gaban ma'aikaciya. Nan ta gane atisaye ne ta ɗauka raini.

Suka kamo hanyar gida. Sai da suka wuce gadar ruwa ta Kura Inna ta taɓa bayan Rauda. "'Yar nan, ki yafe ni. Wannan abin… yana yi wa wuyan tsofaffi?"

Haƙuri ya riƙe auren nan. Kafin ka kira abu raini, tambayi mai shi ko ciwo ne.